Gadon Yaƙin Bama: Wasiƙa da Hoto da Lambar Yabo a Cikin Littattafai Uku

1.0 Gabatarwa

A gidaje da dama na ƙasar Hausa da sauran sassan Nijeriya, har zuwa Gana da Saliyo da Gambiya, akan sami wata tsohuwar adaka wadda ba a cika buɗewa ba sai ranar rabon gado. A cikinta akan tarar da ɗan littafin sallama daga aikin soja, da lambar yabo ɗaya ko biyu waɗanda ƙyallensu ya koɗe, wani jiƙon kuma da hoton wani saurayi sanye da kaki, wanda jikokinsa ba su san shi ba sai yana tsoho. Waɗannan kaya su ne ragowar abin da mutanenmu suke kira Yaƙin Bama, watau fafatawar da aka yi da Japanawa a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, a cikin Yaƙin Duniya na Biyu.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nazarci littattafai uku da suka tsiro daga irin wannan gado na iyali, dukkansu da Turanci. Na farko shi ne A Stroke of Unbelievable Luck na Isaac Fadoyebo, wanda aka buga a 1999, labarin tsohon soja daga bakinsa. Na biyu shi ne ƙagaggen labarin Biyi Bandele mai suna Burma Boy, na 2007, wanda ɗan tsohon soja ya rubuta. Na uku shi ne Another Man's War na Barnaby Phillips, na 2014, aikin ɗan jarida Baturen Ingila wanda tsohon soja ya aika da wasiƙa.

Ra'ayin da muke neman kafawa ɗaya ne. Wasiƙa da hoto da lambar yabo bebaye ne, ba sa magana sai an sami bakin da zai yi musu, kuma duk sa'ad da suka sauya hannu, daga uba zuwa ɗa ko daga mai abu zuwa baƙo, akwai abin da ke ƙaruwa, akwai kuma abin da ke zubewa a hanya. Saboda haka ma'aunin da ya dace da irin waɗannan littattafai shi ne riƙon amana, watau yadda marubuci ya isar da abin da aka damƙa masa, da yadda ya sanar da mai karatu inda abin ya yi giɓi.

2.0 Shimfiɗa ta Tarihi

Kafin mu shiga cikin littattafan ya kamata mu yi 'yar shimfiɗa. Bayan da Japanawa suka kori Ingilishi daga Bama a 1942, sai hukumar yaƙi ta Ingila ta yanke shawarar kai sojojin Afirka ta Yamma can, bisa zaton cewa baƙar fata ya saba da kurmi da zazzaɓi, alhali kuwa 'yan Arewa da ke cikinsu mutanen fili ne, akasarinsu ba su taɓa ganin kurmi irin wannan ba. Aka kafa Runduna ta 81 a Nijeriya a watan Maris na 1943, sa'an nan aka biyo da ta 82. Ana ƙiyasta cewa sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

Runduna ta 81 ta yi aiki a kwarin kogin Kaladan, cikin lardin Arakan, inda tun farko babu hanyar mota, sai dai a jefo abinci da harsashi daga jirgin sama, sojoji 'yan dako su ɗauka a ka. An cire birged guda daga cikinta, mai bataliya uku ta 'yan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa ta da dakarun Janar Orde Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan sansanonin Japanawa daga watan Maris na 1944. Rundunonin biyu sun haɗu wajen ƙwace garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na wannan shekara, amma yawancin sojojin ba su ga gida ba sai a 1946.

Abubuwa biyu ne za mu riƙe daga wannan tarihi. Na farko, Hausa ita ce harshen bariki a rundunar Nijeriya tun zamanin Lugga, har ana sa hafsoshi Turawa su koye ta. Na biyu, ita ma hukuma tana da tata adakar: barikin Dodan da na Myohaung a Ikko, da na Letmauk a Badun, da na Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, da Burma Camp a Ankara ta ƙasar Gana, duk daga wannan yaƙi aka samo sunayensu. Kullum ana faɗarsu, amma kaɗan ne suka san asalinsu, har mai jin Hausa zai iya ɗauka daga dodo aka samo sunan Dodan. To, in sunan da aka kafa a ƙofar bariki ya rasa ma'anarsa, ina ga takardar da ke ƙarƙashin gado?

3.0 Kayan Gado da Ma'aunin Nazari

Mu fara da wasiƙa. Yawancin sojojin nan ba su iya rubutun boko ba sa'ad da suka shiga aiki. Mai son aika saƙo sai ya shibta wa wani abokinsa ko akawu, sa'an nan wasiƙar ta bi ta hannun hafsa mai tace wasiƙu, wanda zai soke sunan wuri da duk wani abin da ya shafi sirrin yaƙi. In ta iso gida kuma, malami ko ɗan makaranta ne zai karanta ta a bainar jama'a. Maganar da za ta ratsa hannuwa uku haka ba za ta wuce gaisuwa da tambayar lafiya da batun kuɗi ba. Tsoro da kewa da abin da ido ya gani ba su da gurbi a cikinta, balle ga mutumin da aka rena bisa kunya da jurewa. Wadda ta tsira daga wannan kuma sai ta haɗu da gara da ɗigar ɗaki da gobara da ƙaura.

Hoto shi ma haka. Wanda soja ya ɗauka da kuɗinsa yana nuna shi ne a tsaye cikin wankakken kaki, yadda yake so a gan shi a gida. Waɗanda masu ɗaukar hoto na soja suka ɗauka kuwa, waɗanda da yawa suke ajiye a Gidan Tarihin Yaƙi na Landan, sau da yawa sunan runduna da na wuri kawai aka rubuta a ƙarƙashinsu, babu sunan mutumin. Lambar yabo ta fi su duka shiru. Tauraron Bama, mai tsini shida, wanda aka ƙirƙiro a 1945, hukumar Ingila ta ba da shi ne ba tare da an sassaƙa sunan mai shi ba. Ranar da tsohon ya rasu, tauraronsa da na maƙwabcinsa ba su da bambanci. Wanda bai dawo ba kuwa, sau da yawa ko kabari iyalinsa ba su sani ba: a maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, akwai sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san makwancinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma.

Akwai wani rubutu na huɗu wanda masu nazari suka cika mantawa da shi, watau laya. Ita ce wasiƙar da ta tashi daga gida zuwa fagen fama, uwa ko mata ta biya malami ya rubuta, baduku ya ɗinke ta da fata, ba don a buɗe a karanta ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa a wurin sojan ƙasar Hausa darajar rubutu ba a cikin karanta shi kaɗai take ba.

Tun da kayan ba sa magana, tilas labari ya biyo ta baka. A nan ne za mu ari ma'auni daga malamanmu na hadisi, waɗanda ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta, sun san wa ya ji daga wa. Ba muna daidaita labarin yaƙi da hadisi ba ne, hanyar bincike kawai muka ara. Tambayoyi uku za mu yi wa kowane littafi: wa ya gani da idonsa, ta hannun wa maganar ta biyo, kuma me ya zube a hanya?

4.0 Mai Abu da Bakinsa: Fadoyebo

Isaac Fadoyebo Bayarabe ne, Kirista, daga Emure-Ile kusa da Owo. Ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, aka sa shi aikin jinya a Runduna ta 81. A farkon watan Maris na 1944 Japanawa suka auka wa ƙungiyarsu a bakin kogin Kaladan, suka kashe da yawa, shi kuma aka harbe shi a ƙafa aka bar shi a kan ya mutu. Shi da wani soja ɗan Saliyo suka ɓuya a daji, mutanen ƙauyukan wurin, waɗanda Musulmi ne, suna kawo musu shinkafa da ruwa. Su biyun suka nuna kansu a matsayin Musulmi don a tausaya musu. Daga baya wani manomi ya ɗauke su ya ɓoye a cikin gidansa, alhali ya san in Japanawa suka gane, da shi da iyalinsa sun halaka. Ba a cece su ba sai a watan Disamba na 1944. Sa'ad da Fadoyebo ya koma garinsu, inda aka riga aka fid da rai da shi, sai da aka watsa masa ƙasa don a tabbatar ba fatalwa ba ce.

Ta fuskar tambayarmu ta farko, isnadin wannan littafi ya fi na sauran ƙarfi, gama waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Salonsa miƙaƙƙe ne, Turancin ma'aikacin gwamnati wanda ya saba da rubuta rahoto, kuma wannan rashin ado shi ne ƙarfinsa. Sa'ad da yake bayanin rauninsa da yunwa da ƙazantar da ya kwanta a ciki, ba ya neman mai karatu ya yi masa kuka, faɗa kawai yake yi, shi ya sa ake gaskata shi. Har wa yau bai ɓoye dabarar da suka yi ta addini ba, ko da yake ba abin alfahari ba ce, wannan kuwa alama ce ta mai riƙon amana.

Amma akwai abin lura. Rubutun bai fito fili ba sai bayan da gidan rediyon BBC ya nemi tsofaffin sojojin Afirka su aiko da labaransu a 1989, sa'an nan masanin tarihi David Killingray ya shirya shi aka buga bayan shekara goma. Tsakanin aukuwar abin da bayyanarsa akwai shekara 45 ke nan. Labarin da mutum ya daɗe yana juyawa a zuciyarsa yakan yi santsi kamar dutsen rafi, kaifinsa ya tafi. Tun daga sunan littafin, wanda ke nufin wata irin sa'a mai wuyar gaskatawa, an ga cewa marubucin ya riga ya tsara abin da ya same shi a kan jigon kuɓuta da ikon Allah. Wannan jigo gaskiya ne a wurinsa, sai dai yana jawo hasken duka zuwa kan wanda ya tsira. Manomin da ya sa ransa a haɗari muna ganinsa ne daga waje kawai, domin ba su da harshe ɗaya sai 'yan kalmomi da nuni. Me ya sa ya yi abin da ya yi, me matarsa ta ce, yaya aka rufe bakin maƙwabta har watanni? Littafin ba shi da hanyar amsa waɗannan, kuma rabin labarin a can yake.

5.0 Gado a Hannun Ɗa: Bandele

An haifi Biyi Bandele a Kafanchan a 1967, ya rasu a Ikko a 2022. Mahaifinsa ya yi Yaƙin Bama, kuma shi marubucin ya bayyana cewa da labaran wannan yaƙi ya tashi a gidansu. A nan isnadi ya ƙaru da mutum ɗaya: uba ya gani, ɗa ya ji. Abin da ɗan ya gada murya ce, sai ya zaɓi ƙagaggen labari don ya zuba ta a ciki.

Tauraron littafin shi ne Ali Banana, yaro Bahaushe wanda ya yi koyon ƙira, ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja, ya tsinci kansa cikin dakarun Chindit a sansanin da Turawa suka laƙaba wa suna White City, ƙarƙashin Samanja Damisa wanda ya zame masa uba. Babbar nasarar Bandele ita ce harshen bariki. Ya bar kalmomi irin su farabiti da samanja da kyaftin da janar yadda bakin soja ya tanƙwara su, ya cika littafin da ba'a da gardama da cika baki irin na samarin da ke kashe tsoro da dariya. Wannan shi ne ainihin abin da wasiƙar da hafsa ya tace ba za ta iya ɗauka ba, kuma shi ne abin da rahoton hukuma bai damu da shi ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohon soja yana ba da labari zai shaida wannan murya.

Duk da haka muna da ƙorafi uku. Na farko ya shafi zubi da tsari. Littafin ya buɗe ne a Alƙahira a 1941, da Wingate a ɗakin otal yana neman halaka kansa. Babin yana da ƙarfi, amma sakamakonsa shi ne Baturen janar ne ya tare ƙofar littafin da aka rubuta don a fito da farabiti baƙar fata. Na biyu ya shafi isnadi. Marubucin ya faɗi gaskiya cewa ya dogara da littattafan sojoji Turawa, irin su The March Out na James Shaw, wajen bayanin fafatawar. Wannan faɗar gaskiya abin yabo ce, sai dai tana nuna cewa ƙashin bayan labarin daga adakar Turawa ya fito, tsokar ce kawai ta uba, kuma mai karatu ba shi da yadda zai rarrabe wanne ne wanne. Na uku shi ne wanda ya fi damun mai nazarin Hausa. Ali Banana da Hausa yake tunani da magana, amma da Turanci muke jin sa, kuma an mai da zancensa wani irin Turanci mai kwarjini da ban dariya. Baƙo zai ji daɗinsa. Bahaushe kuwa zai riƙa neman karin magana da habaici da zaurancen da ya san suna ƙarƙashi, ya iske inuwarsu kawai.

Bugu da ƙari, labarin ya ƙare ne a Bama, yaron ya dawo sansani shi kaɗai a ruɗe bayan an hallaka abokansa. Ƙarshe ne mai taɓa zuciya, amma ya tsaya daidai inda gadon iyali yake farawa. Matan aure da 'ya'ya ba su ga White City ba. Abin da suka gani shi ne mutumin da ya dawo, da firgitarsa cikin dare, da shirunsa ko yawan maganarsa, da yadda ya yi fama da neman abin yi. Wannan ne ɓangaren da ɗan ya gani da idonsa, wanda isnadinsa a kai ya fi na kowa ƙarfi, shi ne kuma ya bari a wajen littafin.

6.0 Ɗan Aike: Phillips

Barnaby Phillips ya yi aikin jarida a Nijeriya, ya ci karo da littafin Fadoyebo a ɗakin karatu a Landan, ya nemi tsohon har ya same shi da rai a Ikko. Da ya ga shekaru da ciwon ƙafa ba za su bar tsohon ya yi tafiya ba, sai ya karɓi wasiƙar godiya daga hannunsa, tare da hotuna, ya tafi Arakan a 2011 neman iyalin manomin. Ya iske manomin ya daɗe da rasuwa, amma ya sami zuriyarsa, kuma ya tarar su ma suna riƙe da labarin baƙaƙen sojoji biyu da mahaifinsu ya ɓoye. Aka karanta musu wasiƙar. An nuna wannan tafiya a wani fim na gidan talabijin na Al Jazeera a 2011, Fadoyebo ya rasu a 2012, littafin ya fito a 2014.

Wannan wasiƙa ita ce cibiyar nazarinmu. Wasiƙar yaƙi ce wadda aka rubuta shekara 67 bayan abin da take magana a kai, zuwa ga mutumin da ya riga ya mutu, magadansa suka karɓa a madadinsa. Babu hafsan da ya tace ta, kuma ta faɗi abin da wasiƙun 1944 ba su iya faɗa ba. Daɗin daɗawa, ta bayyana cewa silsila biyu ce ta riƙe labarin: ɗaya a rubuce a Nijeriya, ɗaya a baka a wani ƙauye na Arakan, ba tare da ɗaya ta san da ɗaya ba. Da aka gwama su sai suka gaskata juna. A ma'aunin isnadi wannan shi ne mafi ƙarfin hujja, riwaya biyu daga hanyoyi mabambanta. Masu raina abin da ya biyo ta baka sai su lura cewa gidan da ba shi da takarda ko hoto ko lamba ya riƙe amanar tsawon zuriya biyu. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Phillips ya cancanci yabo a kan haƙurin bincike, da yadda ya sa labarin mutum ɗaya cikin tarihin rundunar baki ɗaya. Rauninsa shi ne raunin kowane ɗan aike mai alƙalami: a kashi na biyu na littafin, tafiyarsa da tarihin siyasar ƙasashen biyu bayan mulkin mallaka sun ci wuri mai yawa, har wani lokaci manzo ya kusa shafe mai saƙo. Haka kuma maganar iyalin manomin ta hannun tafinta ta biyo, a ziyara gajeriya, a ƙasar da ba a sakar wa baƙi mara ba a lokacin. Giɓin da Fadoyebo ya bari an rage shi, amma bai cike ba.

Akwai kuma abin da ya sa wannan isar da saƙo ta zama ta ƙurewar lokaci. Iyalin manomin daga Musulmin Arakan suke, waɗanda ake kira Rohingya. A 2012 rikici ya ɓarke a lardin, a 2017 kuma fiye da mutum 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangaladash saboda farmakin soja, aka ƙone ƙauyuka masu yawa. Da an yi jinkirin 'yan shekaru kaɗan, da wuya wasiƙar ta sami mai aika ta, da wuya kuma a iya kai ta.

7.0 Ina Muryar Hausa?

In muka jera littattafan uku za mu ga abu ɗaya ya haɗa su. Harshen barikin da aka yi yaƙin da shi Hausa ne, tauraron ɗaya daga cikinsu ma Bahaushe ne, amma babu ko ɗaya da aka rubuta da Hausa. Dalilin a bayyane yake: labarin Fadoyebo ya tsira ne domin ya yi makarantar boko, ya iya buga tafireta, ya kuma ji sanarwar rediyo da Turanci. Ɗan dakon da ya hau duwatsun Kaladan da kaya a ka ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ba muna cewa adabin Hausa ya yi shiru ba ne. Sa'adu Zungur ya yi waƙar Maraba da Soja, kuma tana da matsayi babba a tarihin rubutattun waƙoƙinmu. Amma muryar mai tarya ce, malami ɗan siyasa wanda ya ɗauki dawowar sojoji ya mai da ita hanyar farkar da jama'a. Muryar wanda aka tara ita ce muke nema. Haka kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta rayu cikin shekarun yaƙin duka, kuma ya wajaba a bi fitowarta daga 1943 zuwa 1946 shafi-shafi don a tsamo duk abin da ya shafi sojoji da iyalansu.

Cibiyoyinmu na adana tarihi, irin su Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke can, sun yi aiki mai girma wajen tattara rubuce-rubucen malaman jihadi da takardun mulki. Hankalin manazarta ya fi karkata can, kuma da dalili. Sai dai littafin sallamar farabiti shi ma takardar tarihi ce: yana ɗauke da suna da lambar soja da runduna da ranar shiga da ta fita, watau ainihin abin da tauraron tagulla ya rasa. A wurin rabon gado kuwa ba a yi masa kuɗi, saboda haka shi ne farkon abin da ake zubarwa.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa littattafan nan uku matakai uku ne na silsila ɗaya. Fadoyebo ya gani, amma ya daɗe bai faɗa ba, kuma gefensa kaɗai ya sani. Bandele ya ji, ya ceto muryar bariki, amma ya jingina da adakar Turawa, ya kuma tsaya kafin a iso gida. Phillips bai gani ba, bai gada ba, amma ya ɗauki saƙo ya haɗa riwaya biyu da suka rabu shekara 67. A ganinmu kowannensu ya riƙe amana gwargwadon abin da ya iso hannunsa, kuma darajarsu ta fi fitowa in an karanta su tare, domin kowanne yana toshe wata kafa da ɗan'uwansa ya bari.

Abin da ya rage namu ne. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 16 a 1942 ya doshi shekara ɗari in yana da rai, saboda haka matakin farko na isnadi ya kusa yankewa gaba ɗaya. Mataki na biyu, watau 'ya'yan da suka ji daga bakin iyayensu, su ma sun manyanta. Muna ba sassan Hausa da na tarihi na jami'o'inmu shawara su riƙa tura ɗalibai garuruwansu da aikin da aka tsara: a ɗauki hoton littafin sallama da lamba da duk wata wasiƙa, ta boko ko ta ajami, a bar wa iyali kayansu, sa'an nan a naɗi maganar wanda ya gaje su da Hausa, a rubuta wa ya faɗa, daga wa ya ji, a wace shekara. Kada a ɗauki kayan a bar bakin, kada kuma a ɗauki bakin a bar kayan. In an yi haka, marubucin Hausa da zai tashi gobe ya rubuta labarin kakansa zai sami adakar gida da zai buɗe, ba sai ya je aro ba.